Na tara jika saba'in, wace na'urar kallon taurari zan saya?

Wani matashi daga unguwar Zariya a nan Maradi ya aiko da tambaya: "Malam, na daɗe ina sha'awar kallon taurari. Na tara jika saba'in, kuma na ga wata na'urar hangen nesa a intanet, an rubuta a kwalinta cewa tana girmama abu sau 675. In saya? A ina ya kamata in riƙa kallon? Sannan kawuna ya ce wannan harkar masu duba ce, in kiyaye."

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, amma ka mayar da kuɗin nan aljihu tukuna. Duk kwalin da ka ga an buga masa "sau 675" da manyan baƙaƙe, ga hoton Zuhal, duniyar nan mai zobe, rangaɗau a gefe, don wanda bai san harkar ba aka buga shi. Babban aikin na'urar hangen nesa tara haske ne, girmamawa daga baya take biyowa. Ƙwayar idonka, in ta buɗe iyakar buɗewarta cikin duhu, ba ta cika wuce milimita 7 ba. Gilashi mai faɗin milimita 50 yana tara hasken da ya ninka na idonka kusan sau 50, shi ya sa yake fito maka da taurarin da ido bai san da zamansu ba. Girmamawar da gilashi ke iya ɗauka kuwa tana da iyaka: ka ninka faɗinsa na milimita sau biyu, nan ƙarfinsa ya ƙare. Irin waɗannan na'urori na kwali galibi faɗin bakinsu milimita 60 ne, ka ga ke nan amfaninsu ya tsaya a sau 120. Abin da ya haura haka dishi-dishi kawai ake faɗaɗa maka. Ga ƙafafunsu sirara masu rawa, iska na kaɗawa tauraron ya ɓace, kafin ka sake kamo shi ranka ya gama ɓaci. Akwai gidaje a garin nan da irin wannan na'ura take jingine bayan ƙyaure ƙura ta rufe ta, mai ita kuma ya yanke cewa kallon taurari ba nasa ba ne. Abin da nake jiye maka ke nan.

Kayan aikin da za ka fara da su kana da su tuntuni: ido, tabarma, da inda Allah Ya ajiye garinmu. Maradi tana kan digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma wannan babban rabo ne ga mai kallon sama. Mutumin Faransa ko Ingila, komai tsadar na'urarsa, akwai taurarin kudu da ba za su taɓa leƙo masa ba, ƙasa ta tare su. Mu kuwa muna ganin sararin arewa gaba ɗaya da mafi yawan na kudu. Ka gwada wannan: ka miƙe hannunka sosai ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen ya kai kamar digiri 10 a sama. Ka fuskanci arewa sak, ka ɗora dunƙule ɗaya a kan bakin ƙasa, ka ƙara ƴan yatsu biyu. Tauraron da ke nan, mai matsakaicin haske, shi ne tauraron arewa. Ba ya gusawa daga wurinsa duk dare duk shekara, sauran ne ke kewaya shi, kuma tsayinsa daga ƙasa daidai yake da digirin garin da kake tsaye. In ka je Agadas za ka tarar ya ƙara ɗagawa, in ka gangara Kano ya ɗan sauka. A watannin Afrilu da Mayu kuma, bayan isha'i, ka juya kudu ka duba ƙasa-ƙasa, za ka ga taurari huɗu sun yi siffar gicciye. Gabas da su akwai wasu biyu masu haske; wanda ya fi nisa da gicciyen, Alfa Sentauri, shi da abokansa ne mafi kusa da ranarmu cikin dukkan taurari, amma duk da haka haskensa sai ya yi tafiyar shekara huɗu da ƴan watanni kafin ya iso idonka. Hasken rana minti takwas da ƴan daƙiƙu yake yi.

Wanda zai fara koyon sama, lokacin ɗari ya fi masa sauƙi, domin a lokacin ne manyan alamomi ke fitowa da wuri. A Disamba da Janairu, bayan isha'i, ka dubi gabas. Za ka ga taurari uku jere reras, tazararsu ɗaya, wasu huɗu masu haske sun sa su tsakiya. Wannan gungu shi ne manhajar waya za ta rubuta maka Orion, Abzinawa kuma suna ce masa Amanar. Ukun nan su ne mabuɗinka. Ka bi layinsu zuwa sama, za ka ci karo da wani jan tauraro, Dabaran, ka wuce shi kaɗan sai ga Kaza da Ƴaƴanta, wadda malamai ke kira Surayya. Ka dawo ka bi layin zuwa ƙasa, sai ka faɗa kan tauraron da ya fi kowane haske a dare, Shi'ira, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi aya ta 49. Idan Shi'ira ya kai tsakiyar tafiyarsa, ka sauke ido kudu da shi sosai, ga Suhailu can, na biyu a haske. Daren farko ke nan, ka riga ka san abubuwa biyar da ba za su sake ɓace maka ba. Daga nan sai ka riƙa ƙari da ɗaiɗai, kana jingina sabo a kan wanda ka sani. Manhajar Stellarium kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, tana taimakawa ƙwarai. Sai dai ka fara neman abu da idonka, ka yi hasashenka, sannan ka duba waya ta gaskata ka ko ta gyara maka. Wanda ya saba ɗaga waya sama ta karanta masa suna, shekara za ta zagayo bai haddace komai ba.

Za ka lura taurari suna riga jiya fitowa da kamar minti huɗu kowane dare. A wata guda awa biyu ke nan, a shekara kuma sun zagayo inda suka faro. Dalili shi ne duniya tana tafiya a kan hanyarta ta kewaya rana, kullum ɓangaren sama da muke fuskanta da dare yana ɗan gusawa. Saboda haka ba a koyon sama a mako guda ko da mutum ya kwana tsaye. Shekara take so, domin taurarin da ake gani a dararen damina ba sa nan da ɗari.

A nan maganar kawunka ta shigo, kuma ina roƙonka kada ka yi masa gardama, jan kunnen da ya yi yana da tushe. Akwai masu cewa tauraro kaza ya nuna za ka yi arziki, ko auren wance ba zai yi ƙarko ba. Wannan shi ne duba, addini ya hana shi, ilimi ma bai san shi ba. Abin da kake son yi daban ne: sanin me ke can, yaushe yake fitowa, ta ina yake bi. Alƙur'ani ya ambaci shiryuwa da taurari a duhun tudu da na teku a Suratul An'ami aya ta 97, haka ma a Suratun Nahli aya ta 16. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne, sai ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina da Gobir. Ka zauna da wani dattijon manomi a Tibiri ko Jiratawa, ka tambaye shi taurarin damina, zai jero maka su: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, Harsan. Lissafin masaukan wata ne guda 28, kowane yana ɗaukar kwana 13, ɗaya yana da 14, jimla 365. Da shi ake sanin lokacin shuka, da lokacin da ruwa ke nauyi, da lokacin da ya kusa ɗaukewa. Abin da ke damuna shi ne da yawa cikin masu haddace sunayen yanzu ba su taɓa ganin taurarin da ido ba, sunan ya rage a baki da takarda. Alhali suna nan. Haƙa'a ƙananan taurari uku ne a kan Orion ɗin nan da na kwatanta maka. Zira'a tagwaye ne masu haske arewa maso gabas da shi. Nasara wani ɗan hazo-hazo ne da ido ke gani a dare mai duhu, in ka sa madubin hangen nesa sai ya tarwatse ya zama taurari masu yawa. Lokacin da ake cewa ɗayansu ya kama, yana kusa da rana ne, don haka ba a ganinsa da tsakar dare. In kana son ka ƙare musu kallo sai daga Janairu zuwa Maris. Da za ka ɗauki littafi ka zauna da dattawa biyu ko uku, ka rubuta sunayen da suke kiran taurari da abin da suke karantawa a kansu na noma da tafiya, sannan ka gano kowane a sama, da ka yi aikin da ya fi sayen kowace na'ura daraja. Masu wannan sani suna ƙarewa.

Sai lokaci da wuri. Mutane na zaton tunda babu girgije a rani, kowane dare na kallo ne. Hazo shi ne babban abokin gabarmu. Idan buji ya taso, ƙura na rataye a sama kwana da kwanaki, taurarin da ke ƙasa-ƙasa su shuɗe, na tsakiya kaɗai ke tsira. Sama mafi tsabta ana samunta ne a dare na bayan ruwan sama, idan hadari ya wuce ya wanke iska, sai kuma kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A Yuli da Agusta, in ka dace da irin wannan dare, ka dubi kudu: ga gungun Kunama da jan tauraro a ƙirjinta da ƙarinta a lanƙwashe, ga kuma farin zirin nan da ya ratsa sama daga kudu zuwa arewa. Zirin ba girgije ba ne, hasken biliyoyin taurari ne na babban gungun da ranarmu take ciki, kuma wajen wutsiyar Kunama kana duban tsakiyarsa ne. A kaka kuwa, can sama wajen arewa, akwai wani ɗan tabon haske mai suna Andiromeda, wani babban gungun ne daban irin namu, nisansa tafiyar haske ta shekara miliyan biyu da rabi. Ido tsirara yana kama shi a wuri mai duhu.

Farin wata sha kallo ne, amma yana kashe ƙananan taurari. Darare masu duhu suna farawa daga wajen 22 ga watan Musulunci, lokacin da wata ba ya fitowa sai tsakar dare, har zuwa 3 ko 4 ga sabon wata. Ido kuma yana buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kallon fuskar waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai baya. Ka kunna jan haske na manhajar, tocilarka kuma ka ɗaura mata jar leda. Idan abu ya yi maka dishi-dishi, kada ka zura masa ido kai tsaye, ka dubi gefensa kaɗan, gefen ido ya fi tsakiyarsa jin ƙaramin haske.

Ba sai ka shiga daji ba. Saman bene ko tsakar gida da katanga ta tare fitilun maƙwabta ya isa farawa, kuma daren da aka ɗauke wuta a gari, fita waje ka ɗaga kai. In kana son duhu na sosai, ka je ƙauyen da kake da dangi, ka kwana can, ka tsaya bakin gari. Ka san halin tsaro da ake ciki, musamman wajen iyaka. Baƙo tsaye cikin gona da tsakar dare da madubi a ido, duk wanda ya gan shi zai yi zargi, kuma yana da hujja. Ka gai da mai gari tun da rana, ka faɗa masa abin da ya kawo ka, ka tafi da ɗan gari. Kada ka juya madubi wajen barikin soja ko shingen jami'an tsaro, kada kuma ka riƙe fitilar lesa mai koren haske. Ka sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, ka haska wuri kafin ka shimfiɗa tabarma.

Idan ka yi wata biyu ko uku a haka sha'awar ba ta kwanta ba, to ka ciro kuɗin ka sayi madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda a kasuwa za ka ji ana ce wa jumel. Ka nemi wanda aka rubuta wa 10x50 ko 7x50: lambar farko girmamawa ce, ta biyu faɗin gilashi. Ana dacewa da masu kyau jefi-jefi wajen masu kayan gwanjo, kuma kuɗinka za su isa. Kada ka biya sai ka gwada. Ka auna wata eriya ko hasumiyar masallaci mai nisa, in ka ga abu ya rabu biyu, ko idonka ya fara ja bayan minti ɗaya, gilasan ciki sun goce, ajiye shi. Ka riƙe shi nesa da fuska ka dubi ƙananan gilasan ido, ya kamata ka ga da'irar haske zagayayya tsaf a kowane. Ka guji masu jan gilashi mai walƙiya da masu zuƙowa da sassautawa, ado ne ba aiki ba. Wajen kallo kuma, rawar hannu ce ke cinye rabin abin da za ka gani, saboda haka ka jingina gwiwar hannu a katanga ko ka kwanta rigingine.

Ka fara da wata, tsakanin daren 5 da 9. Ka bi layin da ya raba haske da duhu a fuskarsa, nan ne rana ke fitowa a can, inuwa ta yi tsawo, ramuka da duwatsu su fito ɓaro-ɓaro, har ka ga ƙololuwar dutse ta kama haske gindinsa na cikin duhu. Wata yana nesa da mu da kamar kilomita 384,000. In ka samu hali ka miƙa wa kawunka madubin a irin wannan dare. Sannan ka juya kan Kaza: ido na ƙirga shida ko bakwai, madubi zai zubo maka gommai. Ƙasa da taurari ukun nan na Orion akwai wasu ƙanana a jere, na tsakiyarsu hayaƙi-hayaƙi ne, gajimaren iskar gas ne inda sababbin taurari ke haɗuwa har yanzu. Kada ka sa ran launukan da kake gani a hotunan manyan na'urorin hangen nesa na sararin samaniya, Hubble da James Webb. Kyamara ce ke tara haske na dogon lokaci, ido kuwa toka-toka yake gani.

Duniyoyi ƴan'uwan tamu ana gane su da cewa haskensu a tsaye yake, ba ya ƙyaftawa kamar na taurari, kuma suna sauya wuri a tsakanin taurari daga wata zuwa wata. Zara matar wata da ake gani yamma bayan magariba, da Gamzaki na asuba, abu ɗaya ne. Ba ta nisa da rana fiye da kamar digiri 47, shi ya sa ba za ka taɓa ganinta tsakiyar sama da tsakar dare ba. Mushtari kuwa, wanda shi ma cikin duniyoyin nan yake, in ka kafe madubi sosai, za ka ga ɗige-ɗige har huɗu a jere kusa da shi. Watanninsa ne, su ne masanin taurari Galileo ya gani a 1610. Ka zana su a littafi yau, ka sake zanawa gobe, za ka tarar sun sauya wuri, na kusa da shi ƙasa da kwana biyu yake kewaye shi. Littafin nan ka riƙe shi da muhimmanci: kwanan wata, ƙarfe nawa, yanayin sama, abin da ka gani. Har neman jinjirin wata zai yi maka amfani, domin za ka gane da kanka cewa jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba ido ba ya kama shi, kuma galibi sai ya haura awa 20.

Wani haske da ke tafiya a hankali bayan magariba ba ƙyaftawa, tauraron ɗan'adam ne. Mafi haskensu tashar sararin samaniya ce ta ƙasa da ƙasa, tana sama da mu da kamar kilomita 400, tana kewaya duniya cikin minti 90. Abin da muke cewa tauraro ya faɗi kuma ɗan tsakuwa ne, sau da yawa bai fi ƙwayar gero ba, yake ƙonewa a iska. Daren 13 zuwa 14 ga Disamba suna zubowa da yawa kowace shekara, daga wajen Zira'a suke fitowa, sun fi yawa wajen ƙarfe biyu na dare. Wannan ba ya son madubi, bargo da tabarma kawai.

Zoben Zuhal ne jumel ba zai nuna maka ba, sai babbar na'ura. Idan lokacinta ya yi, ka nemi irin wadda ake kira Dobson, mai madubi a gindi, faɗin milimita 150 ko 200, tana zaune a kan akwatin katako ba rawa. Mai 150 tana tara hasken da ya ninka na waccan ta kwali sau shida. Kuɗinta da na kawowa sun fi jika saba'in nesa, don haka ya fi kyau ku haɗa hannu ku uku ko huɗu, ko ku tuntuɓi malaman kimiyya na lise da ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo masu irin sha'awarku. Kowane ka mallaka, ƙurarmu yashi ce, tana karce gilashi. Kada ka goge da bakin riga. Ka fara hure ƙurar, sannan ka shafa da tattausan ƙyalle mai tsabta, ka ajiye shi cikin abu mai murfi, nesa da zafin rana.

Rana kuwa, kada ka kuskura ka dube ta da jumel ko wata na'ura, ko na ƙiftawar ido. Gilashin da ke tara hasken tauraro sau 50 haka zai tara nata ya ƙona bayan idonka, kuma ba ya warkewa. Yayyenka za su ba ka labarin ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da rana ta kamu gaba ɗaya a Maradi da hantsi, gari ya yi duhu na ƴan mintoci. Ranar 2 ga Agusta 2027 akwai wani husufin, cikakke a Masar da Jidda da Makka, mu nan wani ɓangare na rana ne zai rufe. Baƙin tabarau, gilashin da aka turara da hayaƙi, takardar hoton asibiti, ruwa a kwano, duk ba sa kare ido. Sai tabarau na musamman mai lambar ISO 12312-2. In babu, ka huda kwali da allura, ka ba rana baya, ka bar haske ya ratsa hudar ya sauka a kan farar takarda, za ka ga siffar rana da gefen da ya cinye. Ƙarƙashin iccen bedi ma, hasken da ke ratsa ganye zai zana maka ita a ƙasa bila adadin. Madubin kuma da rana ka kulle shi inda ƙannenka ba za su kai ba.